BABI NA HUƊU: TARKEN SHIRYE-SHIRYEN RAYA BIRNIN DAMAGARAM BISA MA'AUNIN AIKIN GAYYA

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ma'anar aikin gayya da ire-irensa a ƙasar Hausa. Wannan babi kuwa zai ɗauki gari guda, wato Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, wadda ake kira Zinder a takardun hukuma, domin a auna shirye-shiryen da aka yi na raya ta da kuɗin gwamnati da kuma ƙarfin mutanen gari. Shirye-shiryen da za a yi wa tarke guda biyu ne: ƙungiyar Samariya ta zamanin mulkin Seini Kunce, da shirin Zinder Sabuwa na shekarar 2018. Daga nan za a waiwayi majalisun matasa da ake kira fada.

Tambayar da babin yake son amsawa ita ce: idan gwamnati ta kawo kuɗi, ta kira talakawa su fito su yi aiki ba tare da lada ba, shin abin da aka yi ya cancanci a kira shi gayya? Tambayar tana da muhimmanci saboda abin da ya faru a farkon watan Satumba na 2024, lokacin da tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni, ginin tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwan sama mai yawa. Wannan ya auku ne shekara shida kacal bayan an ƙawata garin da kuɗi masu yawa.

4.1 Ma'aunin Tarke: Shika-shikan Aikin Gayya

Kafin a yanke wa wani shiri hukunci, ya kamata a fito da ma'aunin da za a auna shi da shi. Idan aka dubi gayyar noma da ta jinka da ta yaɓe da ta yashe rijiya, za a tarar dukkansu sun tsaya ne a kan abubuwa huɗu:

(a) Mai gayya. A kowace gayya akwai wanda buƙatar ta dama, kuma kowa ya san shi. Shi ke raba goron gayyata, shi ke tanadin fura da tuwo, shi kuma ke kiran makaɗa. Idan aikin na kowa da kowa ne, kamar yaɓen masallaci ko gyaran maƙabarta, to unguwa ita ce mai gayya, mai unguwa da liman kuwa bakinta ne kawai.

(b) Zaɓi. Wanda aka gayyata yana da ikon ya ƙi zuwa. Ba dogari ba ɗan sanda. Hukuncinsa bai wuce kunya ba, da kuma sanin cewa ranar tasa buƙatar zai iya neman mutane ya rasa.

(c) Ramuwa. Gayya tamkar biki take, wanda aka yi wa yau shi zai yi wa wani gobe. Wannan ne ya sa ba a ɗaukar ta a matsayin aikin banza ko da ba a biya kowa ko sisi ba.

(d) Mai riƙo. Bayan an watse, aikin yana da mai shi. Gonar da aka nome tana da mai girbinta, rijiyar da aka yashe tana da masu ɗiban ruwanta, su ne kuma za su sake kiran gayya idan ta cike.

Ya dace a faɗi iyakar wannan ma'auni tun da wuri. Gayya aba ce ta ƙauye da unguwa. Ba ta iya shimfiɗa kwalta, ba ta iya janyo ruwan famfo daga nesa. Saboda haka ba a nufin a ce gayya za ta maye gurbin gwamnati. Abin da ake dubawa shi ne ko hukuma ta kiyaye waɗannan shika-shikai a lokacin da ta ari sunan gayya da ƙarfin masu yin ta.

4.2 Damagaram da Tarihin Aikin Jama'a

Damagaram tsohuwar cibiyar sarauta ce da fatauci. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, aka ƙarfafa ganuwar Birni, garin kuma ya zama babban zango a kan hanyar fatake tsakanin Kano da Agadas da Tarabulus. Faransawa sun ci garin a 1899, suka mai da shi hedikwatar mulkinsu, kafin su mayar da ita Yamai a 1926. Ƙarancin ruwan sha yana cikin dalilan da ake bayarwa na wannan ƙaura. Tun daga lokacin garin yake fama da abubuwa biyu, wato ƙishirwa da kuma tunanin cewa an bar shi a baya.

Akwai wani abu a tarihin da ya shafi wannan nazari kai tsaye. Talakan Damagaram ya san aikin jama'a iri biyu. Ya san gayyar da maƙwabcinsa ke kira, ya kuma san aikin da ake kira daga sama, na sarki da na Nasara. Aikin tilas na Faransawa, wanda ya haɗa da gyaran hanyoyi da ɗaukar kaya, bai kau ba sai da dokar 1946 ta soke shi a ƙasashen da Faransa ke mulka. Don haka duk gwamnatin da ta zo daga baya ta ce a fito aiki, talaka yana da abin da zai kwatanta kiran nata da shi.

4.3 Samariya

Samariya ba ƙirƙirar soja ba ce. Tun kafin zuwan Turawa akwai Sarkin Samari a garuruwan Hausa, wanda ke shirya wasanni da kokawa, ya kuma jagoranci samari zuwa gayya. Bayan da Laftanar Kanar Seini Kunce ya hamɓarar da gwamnatin Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974, a daidai lokacin da fari da yunwa suka galabaitar da ƙasar, ya rushe jam'iyya, sai ya nemi wata hanyar isa ga talakawa. Hanyar da ya samu ita ce ta farfaɗo da Samariya, aka kafa ta a kowane ƙauye da kowace unguwa, aka ɗora ta ƙarƙashin ma'aikatar matasa. Daga baya aka mai da ita ɗaya daga cikin ginshiƙai biyu na tsarin da gwamnatin ta kira na al'umma mai neman ci gaba, ɗayan ginshiƙin kuwa shi ne ƙungiyoyin gama kai na manoma. Tsarin yana da majalisu hawa-hawa, tun daga ta ƙauye ko unguwa har zuwa ta ƙasa, wadda aka kafa a 1983.

4.3.1 Abin Yabo

Ba za a yi wa Samariya adalci ba idan aka ƙi faɗin abin da ta yi. A Damagaram da sauran birane, 'yan Samariya sun share tituna da kasuwanni, sun gina azuzuwan makaranta da tubalin ƙasa, sun noma gonakin ƙungiya, sun kuma shuka itatuwa, musamman ranar 3 ga Agusta, ranar samun mulkin kai, wadda aka mai da ita ranar dashen itace tun daga 1975. Rabon aikin a fili yake: hukuma ta kawo abin da sai da kuɗi ake samunsa, kamar kwanon rufi da siminti da dashe, unguwa kuma ta kawo hannu da ƙasa da ruwa. Wannan rabo ya dace da hankali, domin kowane ɓangare ya kawo abin da ya fi iyawa, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abu na biyu shi ne yadda aka kiyaye armashin gayya. Manomin Hausa bai raba aiki da kiɗa ba, gangar noma da kirari su ke sa a yi tseren kunya. Samariya ta riƙe wannan. Tun daga 1976 aka riƙa yin bikin matasa na ƙasa, ana zagayawa da shi daga wannan babban gari zuwa wancan, ana gasar waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. Daga cikin wannan yanayi ne wasan kwaikwayon Hausa na Nijar ya bunƙasa, har wata manazarciya mai suna Janet Beik ta wallafa littafi a kansa a 1987. Gasa tsakanin unguwa da unguwa ta sa saurayi yana jin cewa tsabtar layinsu mutuncinsa ce. Har wa yau, 'yan mata sun sami filin fitowa cikin harkar gari fiye da yadda aka saba.

4.3.2 Abin Suka

Idan aka ɗora Samariya a kan ma'aunin da aka kawo a 4.1, za a ga ta cika sharaɗi na uku da wani ɓangare na na huɗu, amma ta yi rauni a na farko da na biyu.

Ta fuskar mai gayya, sunan na unguwa ne amma kiran daga sama yake fitowa. Jami'in mulki shi ke faɗin ranar aiki da irin aikin, saƙon ya bi ta hannun sarakuna da masu unguwanni ya isa ga Sarkin Samari. Shi kansa Sarkin Samarin sau da yawa magidanci ne mai hali, wanda hukuma da fada suka aminta da shi. Sakamakon haka shi ne aikin da aka fi yi ya zama wanda idon baƙo zai gani, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Lokaci da ƙarfin da aka kashe wajen tarbar manyan baƙi da jerin gwano da raye-rayen yabon gwamnati ba su cikin buƙatun da wata unguwa za ta kira gayya a kansu da kanta.

Ta fuskar zaɓi kuwa, ƙin fita gayyar maƙwabci abin kunya ne, amma ƙin fita aikin da gwamnatin soja ta kira abin tsoro ne. A ƙasar da babu jam'iyya, babu jaridar adawa, ba shi yiwuwa a tantance wanda ya fito don so da wanda ya fito don gudun a sa masa ido. Masu kare Samariya suna iya cewa ai ko a gargajiyance akwai gayyar gandun sarki, wadda ba a cika ƙin zuwa ba. Wannan gaskiya ne, sai dai hujjar ta koma kansu, domin gayyar gandun sarki ita ce irin gayyar da talaka ya fi ƙorafi a kanta, kuma ita ce ta fi kusa da aikin tilas.

Hujja mafi ƙarfi a kan wannan rauni ita ce yadda ƙungiyar ta ƙare. Kuɗin yuraniyom da suka ɗauki nauyin ayyukan gwamnati a ƙarshen shekarun 1970 sun ja baya a farkon shekarun 1980, ga kuma farin 1984. Kunce ya rasu a Nuwamba 1987. Magajinsa Ali Saibu ya mai da tsarin jam'iyyar siyasa, wato MNSD, a 1989, Samariya kuma ta zama reshenta a idon jama'a. Da aka yi babban taron ƙasa na 1991 aka koma tsarin jam'iyyu da yawa, sai ƙungiyar ta watse. Gayyar noma da ta jinka ba su mutu ba don an canja shugaban ƙasa. Mutuwar Samariya tare da gwamnatin da ta rene ta ta nuna ko wane ne mai gayyar tun asali.

4.4 Zinder Sabuwa

Ranar 18 ga Disamba ita ce ranar Jamhuriya a Nijar, domin a wannan rana ce ta 1958 aka kafa ta. A zamanin Tanja Mamadu aka fara zagayawa da bikin zuwa manyan biranen jihohi, Damagaram kuma ita ta fara karɓar baƙuncinsa a 2006. Gwamnatin Mahamadu Isufu ta dawo da tsarin a 2014, tana raɗa wa kowane zagaye suna da harshen yankin: Dosso Soga a 2014, Maraɗi Kwalliya a 2015, Agadas Sokni a 2016, Tawa Sakola a 2017, sai Zinder Sabuwa a 2018, lokacin cikar Jamhuriya shekara 60. Hikimar shirin ita ce a tara kuɗin gwamnati a gari guda cikin shekara guda, a yi masa abin da zai daɗe bai samu ba. A Damagaram an shimfiɗa tituna, an gyara filin jirgin sama, an yi gine-ginen saukar baƙi da wuraren biki.

Ta wani gefen wannan shiri ya fi Samariya gaskiya, domin bai ɓoye cewa aikin na gwamnati ne da 'yan kwangila ba, kuma ya yi abin da gayya ba za ta iya ba. Duk wanda ya san wahalar shiga wasu unguwanni da damina ba zai rena kwalta ba. Amma a kan ma'aunin wannan babi, shirin ya faɗi a wurare uku.

Na farko, kwamitin da ya gudanar da shi gwamnati ce ta naɗa shi, ranar gama aiki kuma ranar biki ce. Aikin da aka ɗaura wa ranar biki dole ya fifita abin da za a iya gamawa a nuna a wannan rana. Su kansu sunayen suna ba da shaida: kwalliya da sabunta fuska. Matsalar ruwan sha kuwa, wadda ita ce tsohon ciwon garin, ta ci gaba da addabar mutane a lokacin bazara bayan bikin 2006 da bayan na 2018. A nan ne mutumin Damagaram yake da ikon ya tambaya ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Na biyu, gudummawar mutanen gari ta tsaya ne a share-share da tarbar baƙi da cika filin biki. An kira su a matsayin hannu, ba a kira su tun wajen zaɓen aiki ba. Wannan shi ne raunin Samariya ya sake dawowa, sai dai a wannan karo babu ko gasar unguwanni mai ɗorewa da ta sa wancan ya yi armashi.

Na uku, kuma mafi nauyi, shi ne batun mai riƙo. Titi da magudanar ruwa da fitilar kan hanya duk suna son kulawa ta yau da kullum. Idan biki ya wuce zuwa wani gari, kuɗi ma sun bi shi, a bar majalisar birni da abin da ba ta da ƙarfin riƙewa, a bar unguwa da abin da ba ta ɗauka nata ba. Magudanar da unguwa ta haƙa da hannunta ba ta jiran umarni kafin ta yashe ta. Wadda ɗan kwangila ya gina kuwa sai a ce ta gwamnati ce.

A nan ne batun masallacin Birni ya shigo. Ruwan damina ta 2024 ya wuce misali, ya yi ɓarna a duk faɗin Nijar, don haka ba daidai ba ne a ɗora wa wani shiri guda laifin rushewar ginin. Duk da haka, magina sun san cewa ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina, kuma wannan aiki ne da gayya ta fi kowa iyawa. Unguwar Birni da fadar sarki suna cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa hukumar UNESCO tun 2006. Ke nan an san darajar wurin. Abin da aka rasa shi ne tsarin da zai haɗa ɗan kuɗin hukuma da gwanintar magina da hannun samarin unguwa a kowace shekara.

4.5 Fada

Bayan watsewar Samariya, matasan biranen Nijar ba su zauna haka nan ba. Tun daga shekarun 1990 majalisun shan shayi da ake kira fada suka yaɗu, kowace da sunanta da shugabanta da asusunta. Wasu daga cikinsu sukan share layi, su yi gadin unguwa da dare, su taimaki ɗan'uwansu a biki ko rashin lafiya. A kan ma'aunin 4.1, fada ta fi Samariya kusa da gayya, domin ba wanda ya kafa ta daga sama, shiga da fita da son rai ne, ramuwa kuma ita ce jigonta. Rauninta shi ne rashin abin hannu da ƙanƙantar da'ira, ga kuma 'yan siyasa da kan neme ta lokacin zaɓe.

Akwai kuma ɗaya fuskar. A Damagaram wasu ƙungiyoyin matasa, waɗanda ake kira fale, sun yi suna wajen faɗa da ta da hankali. Aisha Maki, wadda 'yar garin ce, ta nuna rayuwarsu a unguwar Kara-Kara cikin fim ɗinta mai suna Zinder na 2021. Abin da fim ɗin ya fito da shi shi ne ƙarfi da tsari da biyayya ga shugaba, waɗanda duk gayya take buƙata, amma ba su sami aikin da za a zuba su a ciki ba. Wannan ya faru ne a garin da aka buɗe matatar man fetur kusa da shi a 2011, aka kuma yi masa kwalliya a 2018.

4.6 Naɗewa

A wannan babi an auna shirye-shiryen raya Damagaram da shika-shikan gayya guda huɗu. An ga cewa Samariya ta tara hannaye, ta yi ayyuka na zahiri, ta kuma raya wasan kwaikwayo, amma mai gayyar gwamnati ce, shi ya sa ƙungiyar ta bi ta kabari. Zinder Sabuwa ta kawo kuɗi da manyan ayyuka, sai dai ba ta tambayi unguwa buƙatarta ba, ba ta kuma bar mai riƙo ba. Fada tana da son rai da ramuwa, amma ba ta da jari.

Amsar tambayar da aka yi a 4.0 ita ce, kuɗin gwamnati ba su ɓata gayya. Mai gayya ma yakan nemi taimakon mai hali wajen hatsin fura. Abin da ke ɓata ta shi ne mai kuɗin ya karɓe matsayin mai gayya, ya zaɓi aiki, ya sa rana, ya karɓi yabo. Saboda haka wannan nazari yana ganin cewa duk shirin da za a yi nan gaba ya kamata ya bar wa unguwa zaɓen aikin da za a yi, ya ware kaso na kulawa da gyara a kowace shekara maimakon a zuba komai a shekarar biki, ya kuma yi hulɗa da majalisun matasan da ke akwai ba tare da ya mai da su reshen hukuma ko na jam'iyya ba. A babi na gaba za a duba yadda karin magana da kirarin noma suke bayyana matsayin mai gayya da na ɗan gayya.